Dawar Sakatare Geng

Ina tsaye a ƙofar Inna Meng da kwanon kunun gero a hannu mutanen ofishin gunduma suka hawo bene, su biyu, da jakar fata da ledar lemo. Na gaba shi ne Kwamared Bian, mai kula da tsofaffin jami'ai, wani ɗan tsaf-tsaf da ko ƙuda ba ya sauka a rigarsa. Ya ajiye lemon a tebur, ya zaro takarda shafi biyu ya shimfiɗa wa tsohuwar.

"Inna, tarihin Sakatare ne, wanda za a karanta ranar jana'iza. Muka ce gara a gama da wuri. Hatiminki kawai za ki buga a nan ƙasa."

Ranar jana'iza fa ya ce. Mutumin, mijin Inna, yana ɗakin ciki, ƙofa a buɗe, muna jin numfashinsa. Gaskiya ne likitoci sun sallamo shi, sun ce ciwon huhun ya ci ƙarfinsa, amma ai bai mutu ba. Ni dai ban taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba.

Idon Inna Meng ya yi rauni, sai ta miƙo mini. "Ƙaramar Dou, karanta mana."

Na ajiye kunun na fara. An haifi Kwamared Geng Shouyi a 1917. Ya shiga jam'iyyar kwaminis yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya yi yaƙi, an harbe shi a cinya, ya zama sakataren jam'iyya na gundumarmu a 1956. Duk daidai. Sai na iso wannan layin: "A shekarar 1960 ya tafka babban kuskure game da hatsin gwamnati. An hukunta shi, daga baya aka yi masa afuwa."

Wannan kuskuren ni na ci shi da bakina. Shekarata tara a lokacin, a ƙauyenmu na bayan kogi. Mun cinye ganye, mun koma ɓawon itace, har ƙasa wasu suka ci. Ƙanena ya mutu a bayan uwarmu, tana tafe tana yi masa magana ba ta sani ba. Kwana huɗu bayan haka amalanke ya shigo gari da buhunan dawa. Rumbun gwamnati a cike yake duk tsawon lokacin, an ce sai umarni ya zo daga sama. Sakatare Geng ya rubuta takarda sau bakwai, shiru. Ranar nan ya karɓi gatari a hannun wani manomi ya fasa kwaɗon da kansa, ya raba wa ƙauyuka goma sha ɗaya, kowane kai kwano biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Aka tuɓe shi, aka rataya masa allo a wuya aka zagaya da shi kasuwa, ya yi shekara goma sha takwas yana kiwon aladu. Da aka dawo da shi, tebur aka ba shi a ɗakin tsofaffin takardu da wannan gida mai ɗaki biyu. Mijina direban gunduma ne, shi ya sa muka samu ƙofar da ke kallon tasu. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ya yi zancen rumbun nan ba.

Na ɗago kai na ce wa Bian, "Wane kuskure?"

Sai yanzu ya dube ni. "Yaya, ke dangi ce?"

"Maƙwabciya ce. Kuma ni ce kuskuren, ga ni tsaye da shekara arba'in da biyar. Ka leƙa ƙauyuka goma sha ɗaya ka ga sauran kura-kuran, har jikoki sun yi."

Ya yi wani murmushi na ma'aikata, ya juya ga Inna, ya rage murya. "Inna, ni ɗan aike ne. Abin da ke cikin fayil shi muke kwafa. Afuwa aka yi masa, ba a soke hukuncin ba. Kuma Dattijo Ruan da ya sa hannu a hukuncin yana nan da ransa a babban birnin lardi. In muka rubuta cewa Sakatare ya yi daidai, to wa ya yi ba daidai ba? Ki duba mana."

"In ban buga ba fa?" in ji Inna.

"Ai kin san ƙa'ida. In iyali ba su amince da tarihi ba, babu jana'izar hukuma. Babu zaure, babu tuta."

Nan ya taɓa inda yake yi mana ciwo, kuma ya sani. Duk unguwar nan an san Sakatare Geng ba ya son kome a duniya kamar a lulluɓe gawarsa da jar tutar jam'iyya. Kowace jana'izar tsohon jami'i sai ya je, ya dawo yana ba mu labarin yadda aka shimfiɗa ta daga ƙirji zuwa ƙafa. Bian ya bar takardar, ya ce a gaishe da mai jiki. Ko leƙa ɗakin bai yi ba.

Suna sauka muka ji muryar Sakatare daga ɗakin ciki. "Tsohuwa. Ku zo."

Ya rame har zanen gado ya fi shi kauri, amma kunnen nan nasa ras yake. Ya ji kome.

"Buga musu," ya ce.

"Ba zan buga ba, Tsoho. Ni na wanke maka wuya ranar da igiyar allon ta yanke ka."

"Na karya doka. Sun ce kuskure ne, to kuskure ne. In aka mayar da ni yau, gatarin zan sake ɗauka, wannan tsakanina da kaina ne."

Na kasa haƙuri. "Haba Kawu. Su ƙi ba mu abinci, kai ka ba mu, sannan kai ne mai laifi? A tsaya a kanka a faɗi haka, mu kuma mu sunkuya?"

"Ƙaramar Dou, bakin nan naki zai sa a kori mijinki daga aiki. Jam'iyya uwa ce, in uwa ta mari ɗanta, ba ya sake uwa."

"Uwar da ta yi shekara goma sha takwas tana mari, kuma ta biyo ɗan har bakin kabari da hannu a ɗage? Ni a garinmu ba ma kiran wannan uwa."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, Inna ta harare ni tana buga masa baya. Da ya lafa ya ce a hankali, "Shekara hamsin da takwas ina tafiya a bayan tutar nan. Abokaina da suka mutu a yaƙi da ita aka rufe su. Ku bar ni in kwanta a ƙarƙashinta. Ina kunun nawa, ko kin shanye da faɗa?"

Cokali uku ya iya sha. Amma da ya ga ƙwayar gero ta maƙale a bakin kwanon, sai da ya sa yatsa ya lakato ta ya kai baki. Duk wanda ya ga shekarar nan haka yake, ni ma haka nake.

Kwana biyar takardar tana kan tebur, an danne ta da kwalbar shayi. Kullum sai Bian ya bugo waya ya tambayi jikin Sakatare, mu kuwa mun san abin da yake tambaya. Kullum kuma sai tsohon ya bi matarsa da ido in ta gifta. Ran na shida da safe ta ɗauko takardar ta kai bakin gadonsa, ta buɗe jar tawada, ta danna hatimin a gabansa. Hatimin ma a karkace ya fito.

"Ga shi nan, ka ji daɗi," ta ce. "Tsohon taurin kai."

Bayan kwana biyu da hantsi ya cika. Ina tsakar gida ina shanya kabeji na ji ta kira sunana sau ɗaya daga taga.

Washegari na hau mota na tafi ƙauyenmu, don na san ofis ba zai gaya musu ba. Ranar jana'iza tsofaffi goma sha bakwai suka zo a bayan tarakta, cikin sanyin nan. Babbansu Kawu Shuan, wanda ya tuƙa amalanken a 1960, ya rungumo wani ɗan buhun yadi. Ya ce su ba su san harkar furen takarda da ake kai wa gawa ba, sai suka bi gida-gida kowa ya zuba cikin hannu ɗaya na dawa.

A ƙofar zaure aka tare su. Wai sunansu ba ya cikin jeri.

"Kawu, nan ba kasuwar hatsi ba ce," in ji Bian. "Ku tsaya a fili, akwai lasifika, za ku ji kome."

"Ɗan nan, ubanka ɗan wane gari ne?" Kawu Shuan ya tambaye shi. "In na bayan kogi ne, to ka gaishe da buhun nan kafin ka wuce."

Bian ya yi kamar bai ji ba. Ni ina da farin furen da ake sa wa iyalin mamaci a ƙirji a matsayin mai riƙe Inna, don haka na tsoma hannu a buhun na cika aljihun rigata, na shige.

Ga Sakatare kwance a tsakiyar zaure, an sa masa tsohuwar rigarsa mai aljihu huɗu, jar tuta daga ƙirji zuwa ƙafa, yadda yake so. Furanni sun jeru jikin bango. Wanda ya fi kowanne girma, wanda aka sa dab da kansa, daga Dattijo Ruan ne, da rubutu wai yana juyayin tsohon abokin gwagwarmaya. Kai, akwai marasa kunya a duniyar nan. Da ba don hannun Inna yana cikin nawa ba, da na yaga shi.

Wani babba ya hau ya karanta tarihin da muryar mai karanta farashin kaya. Da ya iso layin nan ko tari bai yi ba, lasifika ta kwashe ta kai har fili. Na waiga ta ƙofa. Tsofaffin nan sun durƙusa a kan siminti, goshi a ƙasa, irin gaisuwar da aka daɗe da cewa ta mutanen da ce. Inna ba ta ko ƙifta ba, farcenta kawai na ji ya shige mini fata.

Aka sunkuya sau uku, aka fara zagaya gawa. Da na zo daidai ƙirjinsa na ciro dawar na zuba a kan tutar, cikin hannu biyu. Bian ya zaro ido, amma kiɗan makoki na tashi, manya na kallo, sai ya haɗiye abinsa.

Daga nan aka tura shi ɗakin baya inda ake ƙona gawa, ni da Inna muka bi. Wani ma'aikaci mai farar riga ya kama bakin tutar zai janye.

"Ɗana, tsaya," in ji Inna. "Ba da ita zai tafi ba?"

"Ba a ƙona tuta, Inna, doka ce. Ninkewa za mu yi. Akwai wata jana'izar ƙarfe goma sha ɗaya."

Na dubi agogon bango. Minti ashirin da biyar ta yi a jikinsa. A kan minti ashirin da biyar ɗin nan ya yarda aka kira shi mai kuskure a gaban gari, ya sa matarsa ta buga hatimi. Kuma ya sani, jana'iza nawa ya halarta. Wannan ya fi kome ƙona mini rai, har yau in na tuna ban san da wa nake fushi ba, da su ko da shi.

Ma'aikacin ya ɗaga tutar ya kakkaɓe, dawar ta watse a ƙasa, ta gangara har ƙarƙashin keken gawar. Ya ce bari ya ɗauko tsintsiya.

"Kar ka share," in ji Inna.

Ta saki hannuna ta durƙusa, da gwiwar nan tata da ba ta lanƙwasuwa. Idonta ba ya gani sosai, da tafin hannu take laluben simintin, tana tsinta ɗaya-ɗaya. Na durƙusa kusa da ita. Ma'aikacin ya tsaya da tuta a ninke a hammata, bai ce mu yi sauri ba. Da tafinta ya cika ta miƙe, ta buɗe aljihun ƙirjin mijinta na hagu ta zuba, ta sa maɓallin. Sannan ta sake durƙusawa, don akwai saura a bakin bango.