Baftismar da Baba Bai Samu Ba

Shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, duk wani katikis, wato malamin wa'azi, na cocinmu ya sayi babur. Malam Ɗanhausa, babbansu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, shi kaɗai ya ƙi. Wani Fada, limamin coci, ya ba shi labarin wani bawan Allah na ƙasar Turawa, can zamanin da, wanda ya ga 'yan'uwansa na gidan ibada sun yi ƙiba sun manta da talauci, ya tuɓe takalmi ya maido su tafiyar ƙasa. Ɗanhausa ya ji, ya kafa doka: katikis ba ya hawa komai.

Babana Bamaguje ne, tun tasowarsa iskoki yake yanka wa kaji. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce mani, "Tanimu, kirawo mai ruwan nan naku."

Na ari babur, na iske Ɗanhausa a Tafoki.

"Malam, hau."

"Yi gaba, ina bayanka."

"Tsohon ba zai kai la'asar ba."

"Wanda ya ba ni ƙafa ya san nisan."

Sai washegari da hantsi ya iso. Dangin Baba sun riga sun rufe shi irin tasu, da giya da kiɗa, a bayan gidanmu. Ɗanhausa ya zauna yana cire ƙaya daga diddigensa, ya ce, "Ai da ka zuba mashi ruwan baftismar da kanka. In mutum na bakin mutuwa, kowa na iya yi."

Shekara tara ina zama gabansa kowace Lahadi. Ya koya mana illar rediyo, illar agogo, illar katifa. Wannan bai taɓa faɗi ba. Randa kuwa tana nan daf da kan Baba, cike fal.

Ban zage shi ba. Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya, na fara da Malam Rabo wanda babur ɗinsa ke tsatsa a rumbu. Na san ba Baba ne ya dame su ba, ni ma ba su suka dame ni ba. A taron coci na Kankara na tashi gaban Fada na faɗi komai, su goma sha ɗaya suka ce haka aka yi. Aka sauke Ɗanhausa.

Da damina ya zo ƙofata neman gafara. Na nuna mashi bayan gidanmu, na ce mai gafarar yana can kwance, ya je ya tambaye shi. Na ɗauki fartanyata na wuce gona.