Saiwar Malam Yunusa

Shekara bakwai Alhaji Ɗantsoho ya yi a tafiyar Makka, ya dawo Gumel ba raƙumi ba dukiya, sai littafi guda. Na wani tsohon mai magani ne mutumin ƙasar Sin, Malam Yunusa, da suka zauna ɗaki ɗaya a can har Allah ya yi masa rasuwa. Da Larabci ya rubuta shi, magunguna a gaba, labarin rayuwarsa a baya. Alhaji bai taɓa leƙa bayan ba, wai surutun tsufa ne.

A wurin Malam Yunusa ya koyi ɗora yatsu uku a wuyan hannu a saurari bugun jini. Ranar da matarsa Kande ta kwanta ciwo ya ɗora mata yatsun. Irin bugun nan ne da littafin ya ce mai shi ba ya wuce kwana biyar. A gefen shafin kuwa ga zanen wata saiwa mai siffar mutum, wai ita ce maganin.

"Malam, ka zauna," in ji Kande. "Jiran da na yi ai ya isa."

Ina, har ya ɗaura wa jaki akumari. Ni dai ban taɓa ganin mai ƙaiƙayin ƙafa irinsa ba.

A kasuwar Maigatari fataken Damagaram suka yi ta juya zanen, wani ya ce rogo ne. A Sule Tankarkar wanzami ya yi masa dariya, ya ce ya gwada Gagarawa. Alhaji bai ko tsaya shan fura ba.

Rana ta huɗu jakin ya tuɓure a gindin tsamiya. Alhaji ya zauna yana huci, yana ta buɗe shafuka ko akwai wata saiwar, har ya zarce bayan littafin. Nan ya karanta: "Ina kan dutse ina haƙar saiwar nan mahaifiyata ta cika, tana tambayar ina nake. Saiwar kuwa na samo. Shekara arba'in tana cikin jakata."

Kunya da tsoro suka kama shi. Ya bar jakin nan, ya nufi Gumel da ƙafa.

Ya tarar da Kande da sauran numfashi.

"Ka samo?"

"Ban samo ba."

Ta miƙo masa wuyan hannu yadda ta saba, don ya ɗora yatsun nan uku. Ya zauna a bakin tabarma, ya riƙe hannun gaba ɗaya.