Dokin Don Chepe

Duk garin Consuelo an san Don Chepe ba shi da doki. Ko jaki bai taɓa ɗaurewa a bayan gidansa ba. Amma duk ƙarshen watan Agusta, idan kakar besbol ta matasa, wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ta zo ƙarshe, sai dokinsa ya kamu da ciwon ƙafa. Ran Asabar ɗin nan ma haka ya shigo kantin magungunan dabbobi inda Belkis take aiki, yana kaɗa makullin motarsa, sarƙar zinariya ta nutse a gumin wuyansa. Ya gaishe ta da 'yata, ya nuna kwalbar da yake so a saman kanta, ya ce ta haɗo masa da sirinji.

Belkis ta dubi kwalbar, ta dube shi. Maganin kumburi ne, akwai hoton doki a jikinsa, an kuma rubuta da jan tawada cewa haramun ne a jikin ɗan Adam. Ta tambaye shi wace ƙafa ce take damun dokin.

"Ta dama ce, ta gaba," in ji shi, yana murmushi.

"Dokin nan shekarunsa goma sha tara, ko? Uwarmu ɗaya da shi?"

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya ce boko yana sa yara rashin kunya, ya ɗaga murya ya kira mai kantin. Mai kantin ya fito daga ciki yana taunar ɓawon burodi, ya miƙa hannu ta saman kafaɗar Belkis ya sauko da kwalbar, ya naɗe ta a jarida. Har da cewa a gai da dokin, Allah ya ba shi lafiya. Su biyun suka yi dariya kamar an ba da labari mai daɗi.

Dokin dai Yordani ne, ƙanenta. Yana ɗan shekara goma sha uku Don Chepe ya gan shi yana jifan mangwaro a bakin gonar rake, ya bi shi har gida. Don Chepe dillalin 'yan wasa ne: yana kwashe yara daga makaranta ya tara su a filinsa, ya ciyar da su, ya horar da su, in wata ƙungiyar Amurka ta ɗauki ɗaya ya yanki rabonsa. An ɗauki Yordani a matsayin mai jifa, aka kai shi sansanin ƙungiyar a Boca Chica. Wannan ce kakarsa ta uku a can, kuma kowa ya san abin da kaka ta uku take nufi. Ko dai a haye da kai Amurka, ko a ba ka jakarka ka koma gida. Ran Litinin ne wasan ƙarshe, shi zai yi jifa, manyan ƙungiyar kuma sun sauka daga jirgi don su gani da idonsu.

Abin da manyan ba su sani ba, tun tsakiyar kaka gwiwar hannunsa ta dama take kumbura. Riga mai dogon hannu yake sawa a ƙarƙashin rigar wasa, cikin zafin da ko kare ba ya fita.

Ran Lahadi ya zo gida kamar yadda ya saba. Ya sunkuya ya nemi albarkar mahaifiyarsu, Doña Mercedita, ta dafa kansa. Ta dafa shinkafa da wake da kaza guda, an kai wa Don Chepe kujerar da ta fi kyau, domin bayan dillanci shi ne kuma uban baftismar yaron. Belkis tana lura, da hagu Yordani yake ɗaukar cokali. Sauran suka kau da ido. Ana ta hirar jirgi, da sanyin Amurka, da irin gidan da za a gina, wanda Mami take son a shafa masa shuɗin fenti.

Da aka kwashe kwanuka Don Chepe ya warware jaridar a kan teburin da aka ci abinci.

Belkis tana karatun aikin jinya da yamma, ta kuma karanta yarjejeniyar ƙanenta tun daga farko har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi a gidan, har shi mai hannun. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Allurar ba ta warkar da komai, kashe zafin kawai take yi, zafi kuwa shi ne yake hana mutum ƙarasa tsinka jijiyarsa. In Yordani ya faɗi ciwonsa yanzu, yana ɗan wasansu, dole ƙungiya ta duba shi ta yi masa magani. In ya ɓoye har kaka ta ƙare suka sallame shi, hannun ya zama nasa shi kaɗai. Ta tuna musu da Moreno, wanda ya taɓa jifan da aka riƙa zuwa kallo daga garuruwa, yanzu yana acaba a bakin kasuwa da hannun da ba ya miƙewa.

Don Chepe ya saurare ta yana zuƙo maganin cikin sirinji. Ya ce Moreno ragon yaro ne tun asali. Ya ce duk wanda take gani a talabijin da ciwo ya haye, namiji ba ya kai ƙarar hannunsa gaban Bature a makon ƙarshe. In an isa can, likitocinsu za su gyara komai.

"Mami, kina ji fa. Maganin doki ne."

"Ina ji, ba kurma ba ce ni," in ji Doña Mercedita. "Kowa haka yake yi. Ke kaɗai ce mai ilimi a garin nan?"

Yordani bai ɗago kai ba. Ya ce, "Yaya, don Allah ki bari. Gobe kaɗai ce."

Ya naɗe hannun riga. Gwiwar ta yi suntum, fatar tana ƙyalli. Doña Mercedita ta yi alamar gicciye, ta kama hannun ɗanta da hannuwanta biyu ta riƙe gam, ta kau da kai tana karanta addu'a, dillalin ya soka allurar. Wannan riƙon ne ya fi damun Belkis. Da duka aka yi wa yaron, da ta san abin da za ta kira shi. Amma ga uwa, ga uban baftisma, ga hoton Budurwa Maryamu a bango, kowa fuskarsa cike da ƙauna. Ta fita bayan gida ta tsaya kusa da tankin ruwa.

Da safe ba ta je kanti ba. Ta hau motar Boca Chica.

Filin sansanin kore shar, an aske ciyawarsa kamar gashin ango, a ƙasar da makarantar su Yordani ko ƙofar banɗaki ba ta da ita. Iyaye da dillalai sun jeru a bayan waya. A inuwar rumfa Turawa uku suna zaune da hulunan ƙungiya, ɗaya yana riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo, wadda yara suke kira bindiga. Can gefe Yordani yana ɗumama hannu. Duk jifan da ya yi sai ƙwallon ta faɗa safar hannun mai cafke ta da ƙara kamar an fasa kwalba, Don Chepe kuma yana jingine da waya yana gyaɗa kai.

Ta nemi mai kula da lafiyar 'yan wasa, wani Lisandro, ɗan ƙasa ne, mai furfura a gemu. Ta same shi yana zuba ƙanƙara a bokiti. Ta faɗa masa ko ita wace ce, ta faɗa masa halin da gwiwar take ciki. Ta ɗauka zai firgita. Ko ɗagowa bai yi ba.

"'Yan mata, ina da ido. Yaron da yake sa riga mai dogon hannu a watan Agusta, kin ɗauka ban san dalili ba? Rabin masu jifan nan haka suke."

Ta tambaye shi to me yake jira. Ya ce shi ƙa'idarsa ɗaya ce: ciwon da ɗan wasa bai faɗa da bakinsa ba, babu shi. Ya taɓa kai rahoton wani yaro, aka sallami yaron, dangin suka tare shi a hanya da adda. Tun daga nan ya koyi zuba ƙanƙara ya yi shiru. Su ma na cikin rumfar, in ji shi, ba son ji suke ba, don abin da ba su ji ba bai zama nauyinsu ba. Yau da azahar kaka ta ƙare, kowa ya huta.

"In kuma suka ji?"

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Ya ce in suka ji a gaban mutane, ba su da yadda za su yi, dole su cire shi a duba. Ya ƙara da cewa ta yi tunani, domin a gidansu za ta kwana.

Ta yi tunanin, daga bokitin ƙanƙara zuwa rumfa. Ta san abin da za ta ƙwace wa ƙanenta: safiyar da ya yi shekara shida yana jira, wadda ya bar aji saboda ita. Mai yiwuwa ne jijiyar ta jure wasan yau, a haye da shi. Ba ta da tabbacin komai. Abin da take da shi kawai ta ga gwiwar jiya, ta kuma san Moreno.

Mai gadi ya yi ƙoƙarin tare ta, ta kewaye shi. Ta tsaya gaban babban cikin Turawan, wani jan mutum mai tabarau, ta yi magana da ƙarfi yadda iyayen da ke bayan waya za su ji. Ta ce ita yayar mai jifan yau ce, hannunsa a kumbure yake tun tsakiyar kaka, su sa ya naɗe riga su gani. Maganar allura ta riƙe ta a cikinta, ta bar wa likita, don ta san wannan kora ce kai tsaye.

Baturen yana jin yaren ƙasar sarai. Ya cire tabarau, ya dubi abokansa da fuskar wanda aka zubar wa miya a wando. Ba tausayi ta gani a fuskar ba, haushin ɓata masa safiya ta gani. Ya yafito Lisandro, Lisandro ya tafi gefen fili a hankali kamar mai zuwa jana'iza.

Daga inda take ta hango ƙanenta yana girgiza kai, yana ja da baya, yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai da koci ya sa baki sannan ya naɗe rigar. Aka karɓi ƙwallon daga hannunsa aka miƙa wa wani yaro. Bayan waya ya ɗauki surutu. Wata mata ta ce a gidansu da a haifi irin wannan gara a haifi akuya. Don Chepe bai yi ihu ba, ya zo daf da ita ya ce a hankali, ta cuci uwarta, ta cuci marayan Allah, kuma kada ta ƙara kiran sa da sunan dangi. Yana gama faɗa ya koma bakin waya, domin yaron da aka ba ƙwallon shi ma nasa ne.

Hoton da aka ɗauka a babban birni ya nuna jijiyar ta tsage fiye da rabi. Likitan ya ce da ya yi jifan ranar, da wuya ta kai ƙarshen wasa. Ya kuma ce da wuya ba tabbas ba ne, kada ta riƙe shi da magana. Ƙungiyar ta yi masa aiki, tunda takarda ta ɗaure ta. Aka ce zai yi shekara bai taɓa ƙwallo ba, bayan nan a ga abin da hali ya yi. Waɗanda aka zaɓa suka hau jirgi ba shi.

A Consuelo ba wanda ya tsaya kan maganar jijiya. Labarin da ya zaga shi ne, 'yar Mercedita mai karatun jinya ta je har gaban Turawa ta tona wa ƙanenta asiri saboda hassada. Mai kanti ya ce ta huta a gida tukuna, masu sayayya suna ƙorafi. A coci matan da suka saba zama kusa da ita suka matsa. Mami tana zuba mata abinci ta ajiye a bakin murhu, ba ta kiran sunanta.

Da aka sallamo Yordani daga asibiti, hannun yana cikin ƙarfe da majanyi, aka rasa mai wanke ɗinkin. Mami ba ta iya kallon sa, asibitin garin kuma ba auduga. Belkis ta tafasa ruwa, ta jawo kujera ta zauna gabansa. Ya juya fuska ga bango, amma ya bar mata hannun.

Ta kusa gamawa ya yi magana, karo na farko tun ranar.

"Da kin bar ni, da yanzu ina can."

"Wataƙila."

"Ba zan yafe miki ba, Yaya."

"Na ji. Motsa yatsun in gani."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta jira, tana riƙe da wuyan hannun. Can sai babban yatsa ya motsa, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har ya dunƙule hannun gaba ɗaya. Ta ce ya buɗe, ya sake.