Kifin da Baba ya zaɓa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Baba na kwashe wuƙaƙen gidan nan kaf na kulle a durowar ɗakina. Mahauci ne, a fawa ya tsufa, amma yanzu hannunsa na dama rawa yake yi, kofin shayi ma sai ya zubar da rabi. Bai taɓa tambayata inda na kai su ba. Shirunsa ya fi faɗa ciwo, ni kuma na dake, don ba zan zauna ina kallo ya datse yatsa ba.

Mijina ne ya kawo shawarar akwatin gilashi na kiwon kifi, wai Baba ya samu abin kallo ban da bango. Ya sayo matsakaici, tsawonsa bai kai buɗewar hannuwa biyu ba, muka ɗora shi a falo muka cika da ruwa. Da ruwan ya zauna, na ɗauki Baba muka tafi shagon mai sayar da kifin ado.

Ni dai na riga na gama zaɓi a raina: ƙananan nan masu launi-launi, a watsa musu garin abinci a huta. Baba ko kallonsu bai yi ba. Ya ja ƙafarsa har ƙuryar shagon, ya tsaya gaban wani jibgegen kifi mai faɗin baki.

"Wannan nama yake ci?" ya tambayi mai shagon.

"Nama kuwa, Baba, har da ɗan'uwansa. Amma ina girman akwatinku?"

Na gwada masa da hannu. Ya girgiza kai.

"Ba zai yi ba. Wannan yanzu ma yaro ne, nan gaba ko juyawa ba zai iya yi a ciki ba. Mutane kyansa suke gani su ɗauka, daga baya su dawo mini da shi a bokiti."

Ya nuna mana wani mai zane-zane, ya ce shi ma mafarauci ne, ba ya girma sosai, kuma ya saba da busasshen abinci na gwangwani. Na ce madalla, a sa mana shi. Baba ya ce a'a. Raina ya fara ɓaci, don na baro tukunya a gida, shi kuma yana ta bin akwatuna yana leƙe kamar mai duba shanu a kara.

Can ya hango wani siriri dogo kwance a ƙasan ruwa, launin toka, da 'yan ƙayoyi jere a gadon bayansa. Gaskiya mummuna ne.

"Wannan zai zauna a naku lafiya," in ji mai shagon, "sai dai a rufe saman, yana tsalle. Kar ku haɗa shi da abin da zai shiga bakinsa. Matsalarsa ɗaya, na wurina sun ƙi busasshen abinci. Sai an yanka masa tsokar kifi, wani lokaci zuciyar saniya, a cire kitse da jijiya tas, a yi ƙanana-ƙanana. Aiki ne."

"Shi nake so," Baba ya ce.

"Haba Baba, wa zai zauna yana wannan yanke-yanken?"

Ya dai dube ni, sannan ya dubi hannunsa. Sai a lokacin na gane abin da muka zo saye: dalilin sake riƙe wuƙa yake nema. Na biya kuɗin muka ɗauko shi.

Mun bar kifin ya saba da ruwan tukuna. Ranar da za a fara ba shi abinci na buɗe durowa na ɗauko 'yar ƙaramar wuƙar Baba ta fiɗa, na ajiye kan katako kusa da zuciyar da na sayo. Ya zauna. Ya danne naman da hagu, ya kama wuƙar da hannun da ke rawa. Na harɗe hannuwana a baya don kar su kai masa ɗauki.

Ya daɗe. Yankan bai fito daidai ba, wani babba wani ƙarami, amma babu ɗigon kitse a jiki. Wajen na ƙarshe bakin wuƙar ya shafi babban yatsansa, jini ya ɗan tsatso. Na ƙara matse hannuwana a baya. Ya tsotse yatsan, ya jefa yanka guda a ruwa. Kifin ya motsa a hankali, yana bin ƙanshi, har ya same shi ya haɗiye.

Baba ya goge wuƙar, ya gwada bakinta a farcensa, ya taɓe baki.

"Kin bar ta ta dakushe. Ina dutsen washina?"

"Yana ɗakina, Baba."

"Kawo shi," ya ce. "Gobe ma zai ci."