Buhun Hoto

Tun hantsi Ja'afaru yake tsaye a layi a ƙofar Islamiyyar ƙauyensu, bakinsa da azumi, ransa na tafasa. Gidauniyar Alhaji Basiru ce ta zo daga birni rabon gero, wai taimakon da 'yan'uwa Musulmi na ƙasashen waje suka aiko.

Buhu ɗaya aka jingine a gaban wani ƙyalle mai rubutu. Duk wanda layi ya zo kansa sai a sa shi ya rungumi buhun ya yi murmushi, a ɗauke shi hoto, sannan a kora shi bayan mota a auna masa kwano guda a leda. Ja'afaru duk kaka yakan fitar da zakkar gonarsa ko maƙwabcinsa bai sani ba. Yankewar ruwan bana ce ta kawo shi wannan wulaƙanci.

Da aka zo kansa ya rungumi buhun, aka ɗauka. Bai saki ba. Ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa.

"Baba, ajiye! Na hoto ne!" in ji mai kyamarar.

"Waɗanda suka aiko da buhu za su gan ni, ko ba haka ba?" Ja'afaru ya ce. "To ni ba na shaidar zur da azumi a bakina. Ko ku goge fuskata, ko ku ba ni hanya."

Alhaji Basiru da ke tsaye a wurin ya ga layin gaba ɗaya ya zuba masa ido, sai ya matsa gefe ya ba Ja'afaru hanya.

Na bayan Ja'afaru ya matso. "Alhaji, a sauko da nawa buhun."