Matar Cikin Madubi

Aikin Dogo a gidan rediyo shi ne tonon tsohon shirin talabijin ɗin nan mai suna "Wa Ke Ƙwanƙwasawa?", wanda aka yi tun hoto bai da kala, kowane kashi da nasa labarin fatalwa. Duk mako yakan ɗauko kashi ɗaya, ya zauna gaban makirfo ya feɗe biri har wutsiya. 'Yan zamani, waɗanda ba su san wani tsoro ba sai na ƙarewar caji, su ne suka fi kowa sauraro.

Masu shirin suna da wata doka tasu: wanda duk ya fito a matsayin fatalwa, ba a rubuta sunansa a ƙarshe. A rubuta mai fitila, a rubuta direba, har wanda ya ba da aron kyanwa a gode masa, amma fatalwa shiru, wai don masu kallo su zauna cikin shakka. Dabarar kuwa ta ci.

Kashin da ya fi shahara shi ne na shagon tela. Wata mata ce ke bayyana cikin madubi tana tambayar rigar da ta bayar ɗinki kafin ta mutu, in tela ya waiwaya bai ga kowa ba. Ba ta ƙiftawa, bakinta a karkace. Da yake ba suna, sai jama'a suka cike gurbin da abin da ransu ke so. Wasu suka ce ba wanda ya ɗauke ta aiki, gani kawai aka yi ta fito a hoton. Wasu suka ce ranar da aka gama ɗauka ta mutu.

Matar tana nan da ranta, tana fama da ciwon gwiwa a ɗaki biyu saman shagon mai walda. Ita ce ta haifi Dogo. Bakin da ya karkace, haƙori ne ke mata ciwo ranar. Burmemiyar rigar da ta sa kuwa ciki aka ɓoye da ita, cikin Dogo. Daga wannan fitowa mijinta ya ce ya isa, ba ta sake tsayawa gaban kamara ba. Ta sha gaya wa maƙwabta cewa ita ce, su yi mata murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta fara sambatu. Wa zai gane ta ƙarƙashin hodar da aka shafe mata fuska da ita a hoton?

"Inna, wannan makon naki ne," in ji Dogo. "Zan faɗi sunanki cikakke, kowa ya ji."

"Ni me zan yi da suna yanzu? Ka gyara mini famfo ya fi."

Haka ta ce. Amma da safe ya tarar ta goge rediyo ta sa masa sabon batir, tana kuma leƙe ta taga tana roƙon matar mai walda aron kujeru.

A gidan rediyo, Manaja ya karanta sharhin da Dogo ya rubuta, yana tsaye, biro a baki. Da ya zo ƙarshe ya ja layi a kan sakin da ke ɗauke da sunan.

"Wannan ka cire."

"Ranka ya daɗe, gaskiya ce. Mahaifiyata ce."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Amma Dogo, tun da muka yi sanarwa waya ba ta huta ba. Kana tsammani ciwon haƙori suke jira su ji? Fatalwa ɗaya ke gare mu da ake gardama a kanta. Ka mayar da ita tsohuwa mai ciwon gwiwa, mako mai zuwa sai ka saurari kanka da kanka." Ya miƙo takardar. "Kujerar nan akwai masu jiranta, ka sani."

Dogo ya karɓa, ransa a ɓace, yana raya cewa in an kunna jar fitilar fara shiri ai baki nasa ne, zai faɗa, a yi abin da za a yi. Wannan irin jarumtar kowa yana da ita a kan matakala, kafin a zauna gaban makirfo.

Aka kunna fitila. A gaskiya ya yi sharhi mai kyau. Ya ce telan ya cika zare ido kamar wanda ya haɗiyi maɓalli. Ya ce ƙarar almakashin da ake ji ba wanda ke riƙe da shi ta fi duk kiɗan tsoron da suka cusa. Ya ce ƙarshen labarin an yi shi a gurguje. Da ya zo kan matar, muryarsa ta yi laushi. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wasa da ido kaɗai kamarta ba, tsayawarta shiru ce ta riƙe kashin gaba ɗaya. Ya ji a ransa wannan yabo ma ai wani abu ne, Inna za ta ji daɗi.

Sai aka haɗo mai kira, wata budurwa mai rawar murya.

"Malam Dogo, don Allah, da gaske ne wai ta mutu?"

Ta bayan gilashi Manaja ya harɗe hannu yana kallonsa. Ko "Allah masani" Dogo ya ce da ya tsira da rabin mutuncinsa. Amma ya ji yadda layin ya yi tsit, ya san duk gari shi ake jira, sai harshen ya tafi inda aka saba tafa masa. Ya sassauta murya, ya matso da baki.

"An ce ranar ba ta kai gida ba. Har yau ba wanda ya san ko wace ce."

Wayoyi suka kama ƙara gaba ɗaya. Manaja ya ɗaga masa babban yatsa. Abin da ya fi ci wa Dogo rai daga baya shi ne, a wannan lokacin daɗi ya ji.

Da yamma ya tarar da kujerun aro an jera su a ƙasan bene. Matar mai walda tana ɗauka, ta gan shi ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Kai, Inna akwai labari! Ta tara mu wai yau za mu sha mamaki. Ka riƙa lallaɓa ta, tsufa ne."

Ya hau sama.

Tana zaune bakin gado cikin zanenta na fita, ɗaurin kai ya zauna daram, har kwalli ta sa. An lulluɓe rediyon da tsumma. Kofunan da ta jera wa baƙi suna kan faranti, ba a taɓa rabinsu ba.

"Inna," ya ce, ya durƙusa. "Manaja ne ya hana. Amma kin ji yadda na yabe ki, ai kin ji."

"Na ji. Ka iya magana." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Su waɗancan ɓoye suna kawai suka yi, ban riƙe su ba, aikinsu ne. Shekara da shekaru ina cewa wata rana wanda ya sani zai faɗa. Kai kaɗai ka rage da ya sani."

"Zan gyara. Wani makon zan..."

"Wa zai yarda? Ɗana ne da bakinsa ya ce ban kai gida ba."

Ta kwance ɗankwalin ta ninke shi a cinya, sannan ta ɗago ta dube shi. Bai taɓa ganin wannan kallon ba sai a allo, idon a tsaye, babu ƙiftawa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, ɗan nan. In a ranar na mutu, kai wa ya haife ka?"