Wanda Ya Kai Ruwan

Tun kafin tsohon ya miƙe, Kou Shuƙin ta hango shi daga kan dandamali. Duk wanda ya shekara arba'in yana yankan alkamar mutane, bayansa kaɗai ya isa ya tona shi. Yana can layin baya na ɗakin taron garinsu, ya ƙanƙame littafinta a ƙirji.

Littafin nan shi ya yi mata suna. Labarin masu lauje ne, mutanen yankin Gansu da ke gangarowa yankinsu na Shaanxi duk lokacin girbi, su zauna bakin kasuwa har a ɗauke su aiki. A gonarsu ta taso tana ganinsu, ta kuma san ƙa'idarsu: mai yanka in ya jiƙe da gumi, ruwan taliya mai ɗumi ake kai masa, ban da ruwan rijiya mai sanyi. A babi na tara, uwar gida ta yi ƙyuya ta aika da ruwan rijiya, wani saurayi ya kwankwaɗa, ya faɗi cikin alkama bai ƙara tashi ba.

Ƙarya ce. Ruwan taliya uwarta ta ba ta. Ita Shuƙin, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ta yi tuntuɓe ya zube, tsoron duka ya sa ta cika tulun a rijiya. Da ta zo rubutu kuwa sai ta ɗora wa uwar, tunda tsohuwa ba ta iya karatu ba. Ga ta nan ma a layin gaba, an sha sabuwar riga.

"Malama, sunana Gan," in ji tsohon. "Jikata ta karanta min littafinki. Wallahi kin iya, har warin ƙafarmu kin sa."

Aka yi dariya.

"Amma yaron nan da ya faɗi ƙanena ne, Mancang. Ina kusa da shi. Kuma ni dai ba uwar gida na gani a bakin rijiya ba."

Shuƙin ta yi saurin amsawa.

"Baba, ai labari ne, ƙirƙira ce kawai..."

"To ƙanena ma ƙirƙira ne?"

Kunya ta rufe Shuƙin. Tana buɗe baki, uwarta ta dogara sanda ta juya.

"Kai tsoho, zauna mana! Ni na aike ta. Haka littafi ya ce, haka aka yi."

"Inna," in ji Shuƙin, "wa ya gaya miki abin da littafi ya ce?"

"Matar mai kanti, tun bara. Sau biyu ta karanta min babin, har da gyaran murya. Ke kina da suna a gari, ni me zan yi da nawa?"

Shuƙin ta dubi sabuwar rigar. Shekara guda ke nan tsohuwa na ratsa kasuwa da wannan a kanta, kuma ko sau ɗaya ba ta yi mata maganar ba.

Ta rufe littafin, ta sauko daga dandamali, ta bi tsakanin kujeru har gaban Gan.

"Baba, ni ce. Ni na ɗebo a rijiya."

Tsohon ya dube ta.

"Na sani, kitso biyu gare ki ran nan," ya ce. "Ni na karɓi tulun a hannunki. Na ji sanyinsa sarai, na miƙa masa don ya fi ni ƙishi."